Gangar da Ba Ta Shan Rana

Wani yammaci a ƙarshen damina wani saurayi ya yi sallama a shagona, gumi na tsatstsafo masa a goshi, ya ce, "Maigida, don Allah ka zo ka duba mana. Gangar nan da muka sayo tana kiɗa ita kaɗai." Na tambaye shi ko ruwa ya taɓa ta, ya ce ko kusa, sati uku ke nan da aka kawo ta daga Legas a kwalinta, ga shi jibi suna da taro. Na rataya jakar kayan aiki, na hau bayan babur ɗinsa zuwa wani zauren biki a kudancin garin Kaduna.

Gangar lantarki ce irin wadda ta cika gari yanzu: faya-fayai huɗu masu fuskar raga, farantai uku na roba, feda biyu a ƙasa, duk an ɗaura su a jikin firam na bututun ƙarfe, sai ɗan akwatin da muke kira ƙwaƙwalwa a hannun hagu. Sun kafa ta a kan dandamalin katako, dab da wata ƙatuwar lasifika. Da mai jita ya taɓa igiyarsa mai kauri sai katakon ya ɗauki rawa, rawar ta bi ƙafafun firam ta hau, gangar ta amsa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ban buɗe jakata ba ma. Muka ja lasifikar gefe, muka shimfiɗa darduma mai kauri a ƙarƙashin gangar, na bi kusoshin firam ɗin ɗaya bayan ɗaya na ɗaure waɗanda suka saki. Gangar ta yi tsit, sai an buga ta take magana. Saurayin ya dube ni ya ce, "Shi ke nan, Maigida?" Na ce da saura, zauna ka buga in ji hannunka.

Muna hanyar dawowa Baba ya faɗo mini a rai. Haka duk yaran unguwarmu suke kiransa, makaɗin kalangu ne da ke bin mahauta, gidansa na kallon namu. In damina ta yi nisa, iska ta yi laima, fata takan saki, murya ta dushe. Da safe za ka gan shi ya fito da kalangu da ƙaramar gangar yaronsa ya jingina su inda rana take fara sauka. In rana ta ƙi fitowa sai ya sa a ɗebo garwashi a kasko, ya riƙa juya fatar daga nesa, yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana karkata kai. Ba ya duban fatar, sauraronta yake yi. Wata rana na matsa na ce, "Baba, yaya kake sanin ta yi?" Ya ce, "Yaro, ita za ta faɗa maka." Sai ya bi tsarkiyoyin da hannu, ya ja wadda ta yi sako-sako, ya saƙala kalangun a hammata, ya matsa ya saki, muryar ta hau ta sauko kamar mutum na gaisuwa.

A lokacin kowace sana'a da gangarta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma tana bin gayya, kotso da taushi da jauje suna fada, tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai. Mutum yana cikin ɗaki zai ji kiɗa daga nesa ya san wa ake yi wa, ya san ko suna ne ko naɗi. Ni ban gaji kiɗa ba. Gidanmu ba makaɗa ba ne, kuma mahaifina bai so in riƙa zama a ƙofar Baba ba, don haka da na tasa aka kai ni wurin mai gyaran rediyo. A can na koyi riƙe ƙarfen dalma, na koyi karanta mita, na gyara rakoda mai kaset har ba na iya ƙirgawa. Ban taɓa zaton hanyar za ta zagayo ta maido ni kan ganga ba.

Fiyano ce ta fara maido ni. A 1999 Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa, kalangai na biye da shi. A shekarar ce kuma fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta game ƙasar Hausa, kuma kiɗanta daga cikin fiyano ya fito. Daga nan situdiyo suka riƙa buɗewa a Kano da Kaduna da Jos, kowace da fiyanon Yamaha a kan tebur, yaro ɗaya da yatsu goma yana yin aikin da dā sai an tara mutum shida. Irin waɗannan fiyano aka fara kawo mini, wata ta sha ƙura, wata wuta ta ƙona ta. Gangar lantarki sai daga baya ta iso, ta hannun majami'u da ƙungiyoyin kiɗa na otal da masu situdiyon da suka gaji da kiɗan da na'ura ke maimaitawa ba numfashi, suna son hannun mutum a ciki.

A can inda aka ƙirƙiro ta kuwa ta daɗe. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fitar da SDS-V, mai faya-fayai masu kusurwa shida, wadda ƙararta ta cika waƙoƙin Turai da Amurka na shekarun 1980. Fuskarta tauri gare ta ƙwarai, makaɗa suka yi ta kukan ciwon wuyan hannu. A 1983 aka fito da MIDI, harshen da kayan kiɗa na kamfanoni daban-daban suke magana da juna da shi, aikin da Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Japan, suka ja gabansa. Sai a 1997 Roland ya kawo V-Drums mai fuskar raga, wadda sanda ke dawowa daga kanta kamar daga kan fata, ga shi ba ta da ƙara. Yawancin waɗanda ake kawo mini yau, na Roland ne ko Yamaha ko Alesis ko waɗanda ba a san sunansu ba, jikokin waɗannan ne.

In ka buɗe faifai ɗaya za ka yi mamakin ƙanƙantar abin da ke ciki. Wani siririn ƙarfe ne kamar kwabo, an manna masa farin tangaran a tsakiya, da waya biyu. Fiyezo ake ce masa. Halinsa shi ne in aka matsa shi ko aka girgiza shi sai ya fitar da 'yar wutar lantarki, abin da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a Faransa tun 1880. A faifan raga akwai ɗan soso mai tsini da ke zaune tsakanin ragar da fiyezon, shi ke kai masa bugun. Faifan kansa ba shi da murya ko kaɗan. Saƙo kawai yake aikawa, ƙwaƙwalwa ta auna ƙarfin saƙon, ta ba shi lamba tsakanin 1 da 127, sannan ta fito da muryar da aka ajiye mata. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin gyaran, domin fiyezo ba ya bambanta sandar makaɗi da rawar katako. Duk abin da ya girgiza shi, bugu ne a wurinsa.

Shi ya sa nake hana yarana taɓa maɓallan ƙwaƙwalwa kafin su gama da abin da ido ke gani. Daga ƙasa ake farawa: a ina aka kafa ta, firam ɗin ya tsaya daram, faifai ba ya gogar ɗan'uwansa? Sai waya. Cikin gangunan da ake cewa sun mutu, da yawa waya ce ta karye daga ciki ko ba a tura kanta ya shige sosai ba. Gwajin ba wuya: cire wayar faifan da ya yi shiru ka sa wa wanda ke aiki. In shirun ya bi waya, ka san mai laifi. In ya tsaya a faifai, buɗe shi, galibi dalma ce ta saki a jikin fiyezo ko soson ya lotse. Akwai kuma kuskuren da nake gani kusan kowane wata. Faifan da ke da murya biyu, ta tsakiya da ta baki, yana bukatar waya mai zobe biyu a kanta. Sai wayar asali ta ɓace, a je kasuwa a sayo ta jita mai zobe ɗaya, bakin faifan ya daina amsawa, a ce na'ura ta lalace.

Wuta kuwa ita ce ta fi sa ni baƙin ciki, don ɓarnarta ba ta cika gyaruwa ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Ganga ta hannu ta zo da adaftarta ta can, wadda ba ta ɗaukar tamu, yaro ya cusa a soket yana murna, sai wari. Ko adafta ta ɓace a ɗauko wata da bakinta ya yi daidai, alhali tsakiyar bakin wannan mai alamar + ce, ta waccan kuma akasin haka, ƙwaƙwalwa ta ƙone nan take. A karanta rubutun da ke jikin adafta da wanda ke kusa da ramin da ake sa ta, minti ɗaya ne. In da janareta ake aiki a bari ya daidaita kafin a kunna kayan, a kuma sa sitabilaiza a tsakani. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon, musamman a fedar farantan nan biyu masu buɗe baki da rufewa, inda take shiga ta hana na'urar gane ko ƙafa ta danne ko ta ɗaga. Mayafi ɗaya da za a riƙa rufe ganga da shi bayan an gama ya fi zuwana sau uku.

Sai an gama da duk wannan ake zuwa wurin da aikin yake da daɗi, wurin da na ce wa saurayin nan ya zauna ya buga. Na'ura daga masana'anta take zuwa da awon wani hannu da ba na mai ita ba. Wani makaɗin hannunsa nauyi gare shi, ko shafa ya yi lamba ta kai 127, kiɗansa duk ya fito da ƙarfi ɗaya kamar ana sara itace. Wani kuma hannunsa sanyi, ya buga iya ƙarfinsa bai wuce 90 ba. Akwai awon ƙarfin ji na kowane faifai. Nakan sa mutum ya buga mafi ƙarfin bugun da yake yi a tsakiyar waƙa, ba na nuna bajinta ba, in riƙa ragewa ko ƙarawa har ya zama wannan bugun ne kaɗai ke kaiwa ƙololuwa. Daga nan duk abin da ke ƙasa da shi ya samu wurin zama.

Akwai wani awon da nake kira dokin ƙofa. Duk girgizar da ba ta kai tsayinsa ba, ƙwaƙwalwa ba ta kula ta. In ya yi ƙasa da yawa, kowace rawar katako ta shigo. In ya yi sama, 'yan ƙananan bugun nan da gwani ke sakawa tsakanin manya, waɗanda su ne gishirin kiɗa, sai su ɓace. Na sha tarar da ganga an ɗaga mata wannan awo har ƙarshe don a kashe shisshigin da faifai ke yi wa maƙwabcinsa, an kashe shisshigin an kuma kashe kiɗan tare. Alhali shisshigi yana da nasa awon daban, kuma sau da yawa matsar da faifan da ɗan yatsa biyu a jikin firam ya wadatar. Haka in faifai yana amsawa sau biyu a bugu ɗaya. Akwai ɗan lokacin da na'ura ke toshe kunnenta bayan kowane bugu, ana iya tsawaita shi, amma in ya yi tsawo makaɗi mai saurin hannu zai riƙa jin wasu bugun nasa na faɗuwa a hanya. Kafin in taɓa shi nakan duba ragar. Yawanci ta saki ne, tana ta karkarwa bayan sanda ta tashi. Sai in ɗauki makulli in bi kusoshin, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan, ina ƙwanƙwasawa da yatsa. Ranar da na fara lura cewa kaina a karkace yake ina sauraro, sai da na ajiye makullin na yi shiru. Tsayuwar Baba ce a kan kaskon garwashi, ba abin da ya ragu.

Masu situdiyo kuma kukansu ɗaya ne: an haɗa ganga da kwamfuta, ana bugawa murya na zuwa a makare. Kwamfuta tana tara sauti ne kashi-kashi kafin ta saki. A awon 44,100 a daƙiƙa, in kashin 512 ne jinkirin ya kusa kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, in aka mai da shi 128 ya dawo kusan 3, wato kamar tazarar mita ɗaya tsakaninka da lasifika. Kunnen mai sauraro ba zai kama wannan bambanci ba, amma hannun makaɗi yana kama shi nan da nan. In kuma an buga wannan faifai wata murya daban ta fito, lamba ce ta saɓa: a tsarin da aka fi bi, ganguna suna kan layi na 10, babbar gangar ƙafa lamba 36, ƙaramar ta gaba 38.

Ba na cikin masu cewa wannan na'ura annoba ce. Na ga alherinta da idona. Na san yarinyar da ta koyi kiɗa a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, abin ji a kunnenta, jaririn maƙwabta na barci a bayan bango. Na ga ƙaramar majami'a da dā ganga ke danne muryar masu waƙa, yanzu an rage ta da maɓalli ɗaya kowa na jin kowa. Rick Allen, makaɗin ƙungiyar Def Leppard ta Ingila, ya rasa hannunsa na hagu a haɗarin mota a ranar ƙarshe ta 1984, kuma da gangar lantarki ya koma sana'arsa, ƙafarsa ta hagu tana buga abin da hannun yake bugawa dā. Wanda ya san wannan ba zai raina ta ba. Ba ta jin damina, ba ta neman rana, ba a yanka akuya don ita.

Abin da ke damuna daban ne. Faifan lantarki abu biyu yake faɗa wa ƙwaƙwalwa: yaushe aka buge ni, da wane ƙarfi. Masu tsada sukan ƙara da wurin da sandar ta sauka. Kalangu kuwa rabin maganarsa bayan bugun take zuwa, a hammata, inda makaɗi ke matsa tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauko. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum da kirarinsa, mahauci na tsakiyar kasuwa ya ji ya ɗago kai. Akwai na'urorin da suka gwada bin wannan hanya, irin Wavedrum na kamfanin Korg da ya fito a 1994, mai jin dannawar tafin hannu, kuma wasu ƙwaƙwalen suna bari a lanƙwasa murya da feda. Na gwada, ana samun wani abu mai kama, amma ban taɓa jin wanda ya kira suna har mai sunan ya waiwayo ba.

Sannan in ka bi jerin muryoyin da ke cikin ƙwaƙwalen nan, ɗaruruwa ne. Za ka ga konga ta Kuba, tabla ta Indiya, jembe ta Mali da Gini. Cikin duk waɗanda suka biyo ta hannuna ban ga kotso ba, ban ga taushi ba, ban ga dundufa ko kurya ko ƙwaryar da Barmani Choge ta yi suna da ita ba. Ban ga laifin wanda ya ƙera a Japan ba, abin da ya sani ya sa. Yaranmu kuwa abin da suka tarar a ciki da shi suke kiɗa, kunnensu yana tashi a kansa, har ya zama in an ce ganga muryar wata ƙasa suke ji a ransu. A bikin da dā za a kira makaɗa biyar a yi musu liƙi su ci abinci da iyalinsu, yau mai lasifika ɗaya ake kira da kwamfutarsa. Yaron Baba da ke riƙe masa ƙaramar ganga, ganina da shi na ƙarshe, acaɓa yake yi.

Ga shi kuma ƙofar a buɗe take. Ƙwaƙwalen yanzu, irin TD-17 da Roland ya fitar a 2018, suna karɓar muryar da mutum ya ɗauka da kansa, a sa a ɗan katin ajiya a loda. Na yi wannan sau ɗaya da wani dattijo mai kotso da aka haɗa ni da shi. Muka wuni a situdiyo, yana buga kowace murya a hankali, da matsakaici, da ƙarfi, tsakiya da gefe, a buɗe da a danne, ina ɗauka. Da na loda na ba wani matashi sanda ya taɓa faifan roba muryar kotso ta fito, dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, muryar ce, amma ba ta san abin da za ta ce ba." Ya karɓi sandar ya nuna masa inda ake jinkirtawa da inda ake cika. Suka yi awa biyu a haka, matashin bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Don haka kirana ga masu situdiyo a Kano da Kaduna da Jos da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da sassan koyar da Hausa da kiɗa a jami'o'inmu: makaɗan kotso da taushi da kalangu da dundufa da suka rage, yawancinsu sun manyanta. A neme su tun suna da ƙarfin hannu. A ɗauki muryar gangunansu da makirufo mai kyau, a rubuta sunan kowane makaɗi da garinsa a jikin abin da aka ɗauka, a biya su haƙƙinsu a hannu kafin su bar situdiyo. Kuma in an gama ɗauka kada a sallame su, a zaunar da yaran da za su buga muryoyin nan a gabansu su koya.